Kwana shida a Zanzibar: ni da Malam da cikina



Tun da na dawo, duk ranar zubi sai an tsare ni da tambaya guda: "Shugaba, wai da gaske ne kin ci wani abu mai hannu takwas?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai karatu ta karanta wa wadda ba ta kai ga iyawa ba tukuna. E, na ci. Har na nemi ƙari. Amma bari in faro daga tushe.

Yadda tafiyar ta samu

Duk wadda ta san ni ta san ni da son abinci. In na je biki, kafin in ga amarya na leƙa madafa. Ɗanmu na fari ya san haka. Shekara uku ke nan yana aiki a Darussalam, babban birnin kasuwancin Tanzaniya. Da babansa ya aje aikin koyarwa, sai ya bugo waya ya ce zai biya mana jirgi mu je mu gan shi, daga nan ya tsallakar da mu tsibirin Zanzibar mu huta kwana shida, mu biyu kawai.

Da farko na ƙi. Na ɗauki biro na lissafa kuɗin jirgin mutum biyu, na ga buhunan hatsi nawa za su saya, raguna nawa za a ɗaure da su. Barci ya ƙi ni. Malam ne ya karya ni. Ya ce, "Uwargida, shekara 26 muna tare. Faɗa mini rana guda da munka yi tafiya ni da ke wadda ba gaisuwar mutuwa ba ce, ba kuma kai wani likita ba." Na duba, ban samu ba.

Da munka fasa asusu rabona ya kama jika 120. Na mai da jika 70 cikin sana'ata, na ƙulle 50 a lalita na ce wannan ta ciki ce, ba mai jin labarinta. Shi kuwa Malam ya cika jakarsa da kilishi, ƙuli-ƙuli, cuku da garin rogo. Ya ce shi ba ya cin abin da bai san sunan ubansa ba.

Biza ta ɗauki makonni, yaron ne ya nema mana tun muna gida. Katin rigakafin shawara ma sai da munka fiddo shi. Cikin watan Satumba munka hau kar zuwa Yamai, jirgin sama ya kai mu Adis Ababa, wani ya sauke mu Darussalam. Agogonsu ya riga namu da awa biyu. Bayan kwana uku gidan yaron, ya sa mu cikin jirgin ruwa, tafiyar wajen awa biyu.

Ƴan uwa, ni da babban ruwan da na saba gani shi ne gulbin Maraɗi in damina ta yi kyau. Wannan kuwa ba ka ganin ƙarshensa, gabas ruwa, yamma ruwa. Cikina ya juya, na riƙe hannun Malam gam a gaban jama'a, ban ma tuna da kunya ba.

Garin da ke ƙamshin kanumfari

Zanzibar tsibirai ne cikin tekun Indiya, manyansu biyu: Unguja, inda munka sauka, da Pemba a arewa. A 1964 sunka haɗe da Tanganyika anka samu ƙasar Tanzaniya. Kusan duk mutanen wurin Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, mata da lulluɓinsu. Harshensu Suwahili, kuma kunnen Bahaushe na tsintar kalmomi a ciki saboda Larabcin da munka ara mu da su: suna cewa dunia, sabuni, asubuhi, hamsini, sitini. Kanumfari ma karafuu suke ce mishi.

Masaukinmu yana cikin tsohon gari, wanda anka gina da duwatsun teku. Lunguna ne matsattsu, mota ba ta shiga, sai babur da keke da amalanke. Ƙofofin gidaje na katako ne masu sassaƙa, wasu da ƙusoshin tagulla manya. Ya tuna mini da lungunan Birni a Damagaram, sai dai nan gidajen hawa biyu ne, hawa uku, kuma iska na kawo ƙamshin gahawa da kifi.

Daren Forodani, da wautar da na yi

Da magariba ta yi, wani fili a bakin teku da ake kira Forodani sai ya koma kasuwar abinci. Tebura jere, fitilu, hayaƙin gawayi. Nan na fara da urojo. Romo ne mai kauri, rawaya saboda kurkum, mai tsami saboda ɗanyen mangwaro da lemun tsami. Cikin kwano ake yanka dafaffen dankalin turawa, a jefa wasu ƴan ƙananan ƙosai, a sa tsire, a barbaɗa soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras, a ɗora yaji da markaɗaɗɗiyar kwakwa. Cokali ɗaya, tsami da yaji da taushi da garɗi duk sun haɗu. Na kora da ruwan rake, wanda ake matsewa a gabanka tare da citta da lemun tsami. Rake dai irin wanda muke sha a gida, amma ban taɓa tunanin a matse shi da citta ba.

Malam na gefe yana tsinkar kilishinsa cikin aljihu kamar mai sata.

To ga wautar. Na ga wani tebur cike da kifi iri-iri, da jatan lande, da ƙaguwa mai girman tafin hannu. Idona ya rufe, na yi ta nuni da yatsa, mai tebur na ta ɗorawa kan wuta yana murmushi. Ban tambayi kuɗi ba. Da anka zo biya, ya ce shilin dubu 40. A canjin lokacin jikarmu ɗaya ta kai wajen shilin dubu huɗu, ke nan jika goma a zama guda. Ni da nake koya wa mata cewa ba a karɓar kaya sai an ji farashi! Ga shi kifin ma ya kwana biyu da barin ruwa, ɗumama shi kawai anka yi. Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Uwargida, in wagga magana ta kai Maraɗi, za su karɓe littafin asusu daga hannunki." Na ce in ta kai, na san bakin da ya kai ta. Ga shi yau ni na kai ta da kaina, don kada wata ta maimaita.

Madafar uwar masaukinmu

Matar da ke riƙe da masaukin dattijuwa ce, za ta girme ni da shekara goma. Da ta ji abin da ya faru ta kama baki. Da ɗan Ingilishin Malam da ɗan Larabcinsa ta ce gobe za ta kai ni kasuwa, ta ɗaga yatsa ɗaya. Malam ya ce ƙarfe ɗaya ke nan, bayan azahar. Ƙarfe bakwai na safe sai ga ta tana buga ƙofa da kwandonta. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙidayar awoyi: ƙarfe bakwai namu shi ne ɗaya nasu, takwas shi ne biyu. Malam, tsohon mai koyar da lissafi, ya yi shiru. Na rama dariyata.

Kasuwar Darajani ta kai ni. Ta koya mini duba kifi: ido garau, cikin kunnensa ja, in ka danna naman ya taso. Ta nuna mini pweza, wato mai hannu takwas ɗin nan. Ba shi da ƙashi ko ɗaya, kai ne kamar jaka da hannuwa takwas masu ƴan ƙoƙuna jere a jiki. Gabana ya faɗi, amma na ce a saya.

A madafarta na ga wata ƴar kujera mai ƙarfe da haƙora a gaba. Sunanta mbuzi, ma'anarsa akuya. Zama ake a kanta a riƙa goga rabin kwakwa a bakin ƙarfen, gari na zuba cikin kwano. Sai a zuba ɗan ruwan ɗumi a matse. Matsar farko madara ce mai kauri, a aje ta gefe. Matsa ta biyu mai ruwa-ruwa, da ita ake dafa shinkafa ko a fara miya. Mai kaurin sai an kusa saukewa ake zubawa, a rage wuta, a yi ta juyawa don kada ta tsinke. Wannan shi ne sirrin girkinsu. Inda mu za mu sa mai ko gujiya, su kwakwa suke sawa, har cikin dakakken ganyen rogo da suke kira kisamvu.

Pweza kuwa, an riga an bubbuga shi tun bakin teku don ya yi laushi. Ta dafa shi ya yi taushi, ta yayyanka, ta soya albasa da tafarnuwa da citta da tumatir da kurkum, ta zuba shi, ta bi da madarar kwakwa da lemun tsami. Kafin in kai baki na leƙa na tambayi Malam ko ya halatta. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne. Na ce to bismilla, ga naka. Ya ce halal daban, sha'awa daban.

Ɗanɗanonsa? Ku ɗauka tsakanin ƙundun kaza da kifi, ga zaƙin kwakwa ya ratsa shi. Na sa hannu sau ɗaya ina rufe ido, na biyu ido buɗe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne karin kumallo. Ta fiddo tanda mai gurabe, ta zuba ƙullun shinkafa. Na ce, "Kai! Masa!" Su vitumbua suke cewa. Shinkafa ce jiƙaƙƙiya, a markaɗa da madarar kwakwa, a sa yis da sukari da iliki, ɗan ƙwayar ƙamshin nan da Larabawa ke kira hel suna sa wa gahawa. Na karɓi tsinken juyawa daga hannunta na juye tanda guda ba wadda ta fashe. Ta tafa, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga baƙuwa. Ba mu jin harshen juna, amma mun yi awa uku muna hira da hannu da dariya. Wannan masar ce ta fara karya Malam. Ya ci shida, ya ce ai wannan ya san ubanta.

Inda kanumfarinmu ke fitowa

Rana ta uku munka je gonakin kayan ƙamshi a Kizimbani, bayan gari kaɗan. Shekara da shekaru ina daka kanumfari cikin yajin jego, ina jefa shi cikin kunu da fura, ban san fure ba ne. Tohon fure ne, ana tsinke shi kafin ya buɗe, lokacin da ya fara ja, a shanya kan tabarma ƴan kwanaki har ya yi baƙi-baƙi. Itacen dogo, hawa ake yi a tsinko da hannu. Mafi yawansa daga Pemba yake fitowa. Kirfa ɓawon itace ce. Barkonon nan baƙi mai kama da masoro yaɗo yake yi jikin wani itace. Gyaɗar ƙamshi tana cikin wani ɗa mai kama da goba, in an tsaga sai ga ƙwallo sanye da jar raga. Saurayin da ke zagayawa da mu yana murza ganye ya ba ni in shinshina in faɗi sunansa. Na ci shida cikin takwas. Turawan da ke tare da mu sunka yi ta kallona.

Amma ƙamshin nan yana da tarihi mai ɗaci, kuma Malam bai yarda mun bar garin ba sai da munka je munka gani. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mai da fadarsa Zanzibar wajen 1840, ya sa anka cika tsibiran da itatuwan kanumfari. Bayin da anka kamo daga cikin Afirka su sunka yi aikin. Kasuwar bayi ta garin sai a 1873 anka rufe ta, daga baya anka gina coci a wurin. An shiga da mu wasu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa, matsattsu, ba ka iya miƙewa sosai. Na tuna labarin da kakata ke ba mu na zamanin kame, yadda ake hana yara nisa da gari. Ranar nan ban iya cin abincin rana ba, ni da ba a taɓa jin haka gare ni ba.

Matan da ke noma cikin teku

Kwana biyu na ƙarshe munka yi su a Jambiyani, ƙauye a gabashin tsibirin. Rairayi fari fat kamar gari. Sau biyu a yini da dare teku ke janyewa nesa, sa'an nan ya komo. Da ya janye sai ka ga mata sun shiga da zannuwansu, ruwa iya gwiwa. Ciyawar teku suke nomawa, suna ce mata mwani. Turaku ake kafawa, a ja igiya, a ɗaura ƴan rassa a jiki, bayan kamar mako shida a girbe a shanya. Tun 1989 anka fara wannan noma a can, kuma yawancin masu yin sa mata ne. Ana fitar da ita waje, a ciro wani abu mai kauri da ake sa wa man goge haƙori da kayan zaƙi. Kukansu irin namu ne: mai saye shi ke yanka farashi, ga ruwa na ƙara zafi yana kashe shukar. Shi ya sa wasu sunka haɗu suna yin sabulu da ita, kamar yadda muke mai da gujiya mai da ƙuli-ƙuli maimakon mu sai da ta ɗanya. An kuma gaya mana wasu ƙauyuka kan rufe wani yanki na teku kamar wata uku, ba mai kama pweza, sai ya girma a buɗe rana guda. Na ce wa Malam, wannan ai asusu ne cikin ruwa.

Da la'asar na ga mata zaune da'ira ƙarƙashin itace, ga akwatin ƙarfe a tsakiya mai kwaɗo uku. Na tsaya cak. Tsarin nan na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta faro a yankin Maraɗi a 1991, shi ne ya ƙetaro har nan a farkon shekarun 2000. Na sa Malam ya gaya musu daga inda na fito. Ban tabbata duk sun gane ba, amma sun matsa sun ba ni wuri kan tabarma, na zauna har anka rufe akwati.

Faranti ɗaya

Daren ƙarshe anka kawo mana shinkafar kwakwa da gasasshen kifi da miyar pweza, duka cikin babban faranti guda. Na tashi in nemi wani kwano in raba, yadda na saba. Malam ya ce, "Zauna, Uwargida. Wa zai gan mu?"

Ƴan uwa, kun san yadda muke. Shekara 26 ina dafawa, in kai mishi nashi, in koma cikin yara in ci abin da ya samu, sau da yawa a tsaye. Ban taɓa sa hannu kwano ɗaya da shi ba. Na zauna ina jin nauyi kamar amarya. Ya ɓare kifi ya cire ƙaya ya turo gabana. Can sai na ga hannunsa ya nufi miyar nan, ya ɗauki yanka guda, ya tauna a hankali. Ya ce, "Ashe ƙundu ne." Ya ƙara. Ya ce shekarun nan duka yana cin girkina, bai taɓa ganin fuskata in abinci ya yi mini daɗi ba sai a wagga tafiya. Ban ce komi ba, na yi kamar yaji ne ya sa ni hawaye.

Sauran kilishin, uwar masaukinmu munka bar wa. Ta ɗanɗana ta ce a turo mata buhu.

Abin da na ƙullo

Cikin jika 50 ɗina, bakwai sunka dawo gida. Na sayo kanumfari da kirfa da iliki, na raba wa ƴan ƙungiya ƙulli-ƙulli. Na sayo mbuzi guda, maƙerin unguwarmu ya duba ya ce zai iya ƙera irinta.

Sai abu ɗaya da nake so ku gwada. A kowane shago a can ana sai da wata jar alewa mai suna ubuyu. Da na tsotsa sai na ji kuka ce, ƴaƴan kukar nan tamu da yara ke fasawa. Ga yadda ake yi: a dafa sukari da ruwa har ya fara yauƙi, a sa jan kala na abinci, da dakakken iliki da ɗan barkono kaɗan. A zuba ƙwallayen kuka da garinsu a jiki, a yi ta juyawa, a barbaɗa ƙarin garin kuka har ya kama jikinsu, a sauke a baza kan tire ya bushe. Gwajina na farko ya ƙone don na cika wuta. Na biyu ya yi. In ba iliki, citta ma ta yi, na gwada. Maƙwabciyata da ke sai da kaya ƙofar lakol ta karɓi ƙulli 40 a kan dala biyar-biyar, kafin a tashi sun ƙare. Ban ce riba ce mai yawa ba, sukari ya yi tsada, kowacce ta yi lissafinta kafin ta ɗauki bashi a kai. Masar kwakwa kuwa ta fi ƙarfin talla, sai dai don baƙi ko ranar salla.

Na san ba kowacce ke da ɗa a Tanzaniya ba, ni ma ban sa ran sake ganin teku ba. Amma yanzu duk daren Juma'a, in yara sun kwanta, kwano ɗaya nake zubawa ni da Malam. Tuwon hatsi ne da miyar kuka, ba kwakwa ba pweza. Uwar mijina ta gani sau ɗaya ta ce duniya ta lalace, sa'an nan ta tambaya ko da sauran jar alewar nan.

Wadda ta gwada ubuyu ta aiko wa jarida yadda ta kaya. Allah ya sa albarka cikin zubinmu, ya kai mu rabo lafiya.

Taku,
shugabar wata ƙungiyar asusu a Maraɗi